Jabun Murya Ya Iso Ƙofar Jami'o'inmu, Shugabanni Kuwa Shiru Kake Ji



Yau maganarmu da jami'o'i ce, kuma ba za mu yi ta kewaye-kewaye ba. An kai zamanin da yaro mai waya da ɗan kuɗin intanet zai iya ɗaukar muryar malaminsa ya sa ta faɗi abin da malamin bai taɓa faɗa ba, ko ya ɗauki fuskar 'yar ajinsu ya manna ta a jikin da ba nata ba. Turawa sun raɗa wa abin suna dipfek tun 2017. Mu a nan bari mu kira shi da sunan da ya dace da shi: jabun murya da jabun fuska. Abin da muke cewa shi ne, duk jami'ar da ta zauna ba ta da rubutacciyar ƙa'ida a kan wannan abu, to ta bar ɗalibanta mata da malamanta na kirki a filin Allah, kuma ta buɗe wa masu laifi ƙofar tsira. Wannan shi ne ƙorafinmu, kuma ga dalilanmu.

Mun san amsar da za a fara ba mu, don mun sha jin ta: "Ku dai kuna da lokaci. Mu da ke fama da kuɗin tallafin karatu da ba su zuwa kan kari, da amfi da ya cika har waje, da shekarar karatu da ke hawa kan 'yar uwarta, mi ya haɗa mu da wanga abu na Turawa?" To, duk waɗannan matsaloli gaskiya ne, ba mu musa ko ɗaya ba. Amma a duba wayar kowa. A 2025 wa bai ga bidiyon manyan mawaƙan Amurka suna rera waƙar yabon Kyaftin Ibrahim Traoré ba? Wa bai ga na Fafaroma Leo yana yi masa jawabi ba, wanda sai da fadar Batikan ta fito ta ƙaryata? Mutane nawa ne a cikinmu suka tura wa 'yan uwa suna cewa "ku ga ikon Allah"? Har da masu digiri. Abin da ya riga ya shiga aljihunmu ba za a ce na Turawa ba ne kuma.

Bari mu ɗan faɗi yadda ake haɗa shi, don wanda bai sani ba ya daina ɗaukar sa tsafi. Ana ba manhajar ƙirƙirarriyar basira muryar mutum da aka naɗa, ta nazarci kaurinta da amonta da yadda yake jan numfashi. Daga nan hanya biyu ce. Ko dai a rubuta mata magana ta karanta da muryarsa, ko wani ya yi maganar da bakinsa ita kuma ta tufatar da ita da muryar wancan. A Janairun 2023 masu bincike na Microsoft suka nuna manhajar da daƙiƙa 3 na murya suka ishe ta kwaikwayon mutum. Daƙiƙa 3, jama'a, ko sallama ba a gama ba.

Wasu na kwantar da hankalinsu da cewa injin bai iya Hausa ba, yana ɓata karin sauti, yana tuntuɓe da ƙ da ɗ. A hanya ta farko akwai ƙamshin gaskiya. A ta biyu kuwa Bahaushe ne ke magana, da karin harshensa na Gobir ko na Adar, injin murya kawai yake canzawa. Kuma kar mu manta da Faransanci ake koyarwa a jami'o'inmu, harshen da injinan nan suka ƙware a kansa. Ƙari a kan haka, saƙon murya na WhatsApp, vokal ɗin nan da muka fi amfani da shi fiye da rubutu, a matse yake zuwa, ga ƙarar babur da kukan akuya a bayansa. Duk ɗan aibin da kunne zai kama, hayaniya ta rufe shi. Sai mu tambaya: a ƙasar nan muryar wa aka fi naɗa? Ta malamin jami'a. Kullum yana tsaye sa'a biyu, sa'a uku, wayoyi a jere gabansa suna ɗauka. Kayan aikin maƙaryaci sun riga sun taru a wayoyin ɗalibai, ko da ɗaliban ba su da wata mugun nufi.

Wanda zai fara shan wuya kuwa mun san shi, ko mu ce mun san ta. A 2019 wani kamfanin bincike mai suna Deeptrace ya ƙirga bidiyoyin jabu da ke intanet, ya tarar kashi 96 cikin 100 na batsa ne, an yi su da fuskokin mata ba da saninsu ba. A Agustan 2024 Koriya ta Kudu ta girgiza da aka gano zaurukan Telegram da aka buɗe makaranta-makaranta, jami'a-jami'a, inda samari ke kawo hotunan 'yan ajinsu ana mayar da su tsirara. Wata guda bayan haka majalisarsu ta yi dokar da ta sa ko ajiye irin wannan hoto ko kallonsa zai iya kai mutum kurkuku har shekara 3. A Yulin 2025 labari ya fito cewa a Jami'ar Hon Kon an kama wani ɗalibin fannin shari'a da ɗaruruwan irin waɗannan hotuna na 'yan ajinsu da wasu mata. Me jami'ar ta fara yi? Takardar gargaɗi ta ba shi, ta ce ya ba da haƙuri. Sai da jama'a suka yi ca kafin hukumar kare sirrin mutane ta buɗe bincike. Babbar jami'a ce mai kuɗi, amma ranar da abin ya faɗo mata, ba ta da ƙa'idar da za ta kama.

Yanzu a kawo wannan hoto Maraɗi. Kowa ya san gwagwarmayar da ake yi kafin yarinya ta kai bak, balle ta shiga jami'a. Sau nawa uwa ke roƙon uba, sau nawa ake aika kawu ya sa baki, sau nawa ake ce wa mai gida "a bar ta ta ƙarasa, ba za ta ba ka kunya ba"? To ranar da hoto guda ya zagaya zauren unguwa, wa zai tsaya jin bayanin injin? Uban da ke sayar da hatsi a kasuwar Tasawa zai tsaya binciken gefen fuska da motsin ido? Yarinya za ta koma gida, baiko zai warware, ƙannenta mata kuma an rufe musu hanya, har da 'ya'yan maƙwabta. Mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Saurayin da aka ƙi, ko abokin hamayya a zaɓen ɗalibai, bai buƙatar komai sai hoton da ta sa a fuskar WhatsApp ɗinta. Duk mai cewa yana son ilimin 'ya mace amma ya yi shiru a kan wannan, to sonsa na baki ne.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda ba a cika magana a kansa ba, alhali ya fi zurfi. Shekaru da yawa naɗar murya ita ce makamin mai rauni. A 2018 wata ɗaliba a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Najeriya ta naɗi muryar farfesan da ke neman ta da lalata kafin ya ba ta maki. Muryar ta bazu, aka kore shi, kotu ta ɗaure shi shekara 2. A 2019 BBC ta fitar da binciken ɓoye kan maki don lalata a jami'o'in Legas da Gana, aka dakatar da malamai. Ba don abin da aka naɗa ba, da wa zai yarda da ɗaliba a gaban farfesa? To yau wannan makami ya dushe. Duk wanda aka kama da murya zai ɗaga kafaɗa ya ce: "Ba ni ba ne, inji ne." Mai neman cin hanci, mai sayar da tambayoyin jarrabawa, mai matsa wa 'yar mutane, duk sun samu mafaka. Ko a siyasa an gani: bidiyon barka da sabuwar shekara na Ali Bongo na Gabon, da ya yi yana jinya, wasu suka ce jabu ne, shakku ya yaɗu, kwana kaɗan bayan nan, ranar 7 ga Janairun 2019, wasu sojoji suka yi yunƙurin juyin mulki. Ba a taɓa tabbatar da cewa bidiyon jabu ne ba. Zargin kaɗai ya isa.

Kun ga ke nan wuƙar baki biyu gare ta. Tana yanka marar laifi da ƙarya, tana kuma yanke igiyar da aka ɗaure mai laifi da ita. Da muna cewa gani ya kori ji. Yau ga ji ga gani, duk sai an sake bincike.

Kar malamai su ɗauka su sun tsira. A Janairun 2024 a wata sakandare kusa da birnin Baltimo na Amurka, aka yaɗa muryar shugaban makarantar yana zagin baƙar fata da Yahudawa. Aka ɗauke shi daga aiki, aka yi ta yi masa barazana, har sai da 'yan sanda suka riƙa gadin gidansa. Sai a Afrilu bincike ya nuna wani ma'aikacin makarantar ne, da ke da rikici da shi, ya haɗa muryar. Wata uku mutum yana cikin wuta a ƙasar da ke da ƙwararrun bincike. A nan wa zai wanke shi, kuma cikin wata nawa?

Mu kuma mun san harabar jami'a wuri ne da kalma ɗaya ke tada ƙura. Ƙasar da ba ta manta da 9 ga Fabrairun 1990 a gadar Kennedy ba, ba sai an koya mata yadda zanga-zangar ɗalibai ke iya ƙarewa ba. A ce da dare murya ta fito, wai ta shugaban jami'a, yana cewa an soke kuɗin tallafi, ko ta wani jagoran USN yana kiran a ƙona motoci. Kafin asuba ta shiga kowane zaure. A maƙwabta, a Sakkwato, a Mayun 2022, saƙon murya guda a zauren ɗaliban wata kwaleji ya ƙare da rasa rai da dokar hana fita a gari. Ba shari'ar wannan lamari muka zo yi ba. Abin da muke so a lura da shi shi ne nauyin da vokal ke da shi a wajenmu, sannan a tambayi kai: in gobe an haɗa irin wannan murya da sunan wanda bai ce komai ba fa? Ga kuma dokar laifukan intanet ta 2019, wadda gyaran 2024 ya mayar mata da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi. Dokar da aka yi don kare mutane na iya kai marar laifi gidan kaso in alƙali bai da hanyar gane muryar gaske da ta jabu.

Maganar satar jarrabawa, wadda ita ce shugabanni suka fi son ji, ba za mu daɗe a kanta ba. Gaskiya ne a farkon 2025 wani kamfani da ke yi wa jami'o'in Ingila hira da masu neman gurbi ta bidiyo ya ce ya kama waɗanda suka sa fuskar aro. Duk jami'ar da ke karɓar kare kundin digiri daga nesa ta sa ido. Amma wannan mai sauƙin magani ne: a zo da jiki, a nuna katin shaida, a amsa tambaya ido da ido. Haka ma iyaye: in "ɗanku" ya aiko murya yana kuka a tura masa jika hamsin yanzu-yanzu, ku kira lambarsa da kuka sani, ku tambaye shi abin da ɗan gida kaɗai ya sani.

To shin cewa muke a haramta abin gaba ɗaya? A'a, kuma a nan muka rabu da masu cewa a rufe ƙofa a toshe taga. Amfaninsa a fili yake, mu ma mun fi wasu buƙatarsa. Jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa an kafa su a 2010, na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi a 2014, amma malamai ba su ƙaru daidai da ɗalibai ba. Kowane ɗalibi ya san malamin da ke zuwa daga Yamai ya juye darasin wata uku cikin mako guda ya hau mota. In wannan malami, da yardarsa, ya bari aka yi gajerun bidiyoyin bita da muryarsa, ɗalibi ya saurara a ɗaki sau goma, wa ya yi asara? A 2019 an yi bidiyon yaƙi da zazzaɓin cizon sauro inda David Beckham ya yi magana da harsuna 9, har da Yarbanci da Suwahili, da wannan fasaha. Tun Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. A ce binciken malamin aikin gona na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo kan tsutsar gero ko ajiyar wake ya isa kunnen manomin Dakwaro da Hausa, na Doso da Zabarmanci, na Abalak da Tamashek, daga bakin mai binciken. A ce ɗalibin likita ya yi ta gwada tambayar majinyacin roba mai magana kafin ya tsaya gaban na gaske. Wannan alheri ne, ba mai hankalin da zai ƙi shi.

Amma a nan ma akwai tarko, kuma muna faɗa tun kafin 'yan kwangila su iso da kwamfutocinsu. Ranar da wani ya lissafa cewa malamin roba bai karɓar albashi, bai zuwa yajin aiki, bai tambayar kuɗin bincike, ranar za a fara ce mana "zamani ne". Jami'ar kimiyya da fasaha ta Hon Kon ta gwada malaman roba a 2024, har da mai kamar Einstein, amma tana da malamanta na jini a tsaye. Mu in aka kawo shi, tsoronmu a kawo shi don cike gurbin da aka ƙi ɗaukar mutum. A Kanada, a 2021, wani ɗalibin Jami'ar Concordia ya nemi aika wa malaminsa wasiƙa, sai ya tarar malamin ya rasu tun 2019, bidiyoyinsa ake ta sa musu. Wannan ma bidiyon gaske ne, ba jabu ba. Ina ga ranar da za a iya sa mamaci ya koyar da darasin da bai taɓa rubutawa ba? Muryar malami ta wa ce, tasa ko ta jami'a? In ya yi ritaya fa, in ya rasu fa? SNECS, wannan tambayarku ce, kuma gara ku yi ta yau da ku yi ta a gaban kotu.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma babu ɗaya a ciki da ke buƙatar miliyoyi.

Na farko, kowace jami'a, tun daga Abdou Moumouni har André Salifou da Djibo Hamani, ta rubuta a dokokinta na cikin gida cewa haɗa murya ko fuskar wani ba da rubutacciyar yardarsa ba babban laifi ne, in na tsiraici ne hukuncinsa kora. Wanda ya tura wa wani shi ma yana da nasa kaso. A karanta wa sababbin ɗalibai ranar farko, da Faransanci da harsunan gida.

Na biyu, a samar da wurin kai ƙara na sirri, da mace a ciki, inda ɗaliba za ta je ba tare da labarinta ya riga ta fita ba. Kuma jami'a ta ɗauki nauyin kiran iyaye ta yi musu bayani da bakinta. Takarda mai hatimin shugaban jami'a tana da nauyi a wajen uba fiye da rantsuwar 'yarsa, ko mun so ko mun ƙi.

Na uku, "inji ne" kar ya zama ƙarshen magana. In an kawo murya a kan malami ko ɗalibi, a karɓi wayar da aka naɗa da ita, a duba asalin fayil ɗin da ranarsa, a duba tarihin kira da saƙonni, a ji shaidu. Kar a dogara da manhajojin gano jabu kaɗai, suna kuskure. Muna da sassan ilimin kwamfuta, a horar da mutum biyu ko uku a kowace jami'a kan wannan aiki. Kar a hukunta kowa da murya kaɗai, kar kuma a sallami kowa don ya ce jabu ce.

Na huɗu, hukumar jami'a da ƙungiyoyin ɗalibai da na malamai su sanar da hanya guda da sanarwarsu ke fitowa. Duk muryar da ba ta biyo ta nan ba, a ɗauke ta zancen shayi har sai an tabbatar.

Na biyar, duk darasin da aka yi da murya ko fuskar roba a rubuta a jikinsa ƙarara cewa na roba ne. Tarayyar Turai ta sa wannan sharaɗi a dokarta ta 2024, mu ma ba abin da zai hana mu. Yardar malami ta zama a rubuce, mai wa'adi, kuma yana da ikon janye ta.

Ku kuma ɗalibai, kar ku jira shugabanni. Malamanmu na hadisi tun ƙarni da yawa suka kafa ƙa'ida: kafin a karɓi magana sai an san wa ya faɗa, daga wa ya ji, shi kuma wane ne. Wannan gadonmu ne, ba aro muka yi ba. Abin kunya ne a ce jikokinsu, masu lisansi da masta, suna danna "tura" a kan murya don kawai ta yi kama da ta wane. In hoton 'yar ajinku ya faɗo zaurenku, kar ku tura, kar ku ajiye, ku sanar da ita ta hannun wadda ta yarda da ita, ku faɗa wa mai kula da zauren ya goge ya kuma riƙe lambar wanda ya fara sakawa. Wanda ya tura "don a gani a yi hattara" shi ma ya taya ɓarna.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Koriya da Hon Kon sai da wuta ta kama kafin suka nemi ruwa, mu kuwa an ba mu sa'ar ganin gemun wasu. Shugabannin jami'o'i, ministan ilimi mai zurfi, SNECS, USN: kafin a buɗe shekarar karatu mai zuwa muna son ganin takarda a manne a allon sanarwa. In ba mu gani ba za mu sake tambaya, da suna, jami'a bayan jami'a.

Wanda ke da ɗa ko 'ya a jami'a, ya tura wannan ga wanda ya dace. Allah ya kare mutuncin 'ya'yanmu, ya ba shugabanni kunnen ji.